Wa Zai Tambayi 'Yar Fari, Yaya Asabe?

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Asabe, Allah Ya jiƙanta, amma ban taɓa jin rashinta kamar watan nan ba. Rabi na da ciki wata shida, ni kuwa bakina a ɗaure yake.

Rabi 'yata ce ta fari. A gidanmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, balle ta yi mata maganar ciki. Tun daga yaye Yaya ta ɗauke ta zuwa Dogarawa, ni ina Samaru ina koyarwa. "'Yar Yaya" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti.

Yaya tela ce, kuma ba ta da nauyin baki. In mai ciki ta kawo ɗinki, kafin a gwada ƙugu sai ta sha tambaya. Yana motsi? Kina samun barci? Sai ta danna mata ƙafa da yatsa ta ga ko wurin zai loɓa. Matan Ibo da Yarbawan layinsu Nas Asabe suke ce mata don tsokana. Ba su san cikinta ɗaya tal a wata na shida ya tafi ba, bayan jijjiga ta kama ta. Ta yi ta kumbura, tsofaffi na cewa alamar namiji ce.

Da ta ga zamanin nan da ta riƙe baki. Yanzu ana hoton ciki, a ga yaro yana tsotsar yatsa, har an ce a wannan watan yana jin muryar uwarsa. Na san abin da za ta ce: to, an ga ɗan, uwar fa wa ya dube ta?

Ran Juma'a Rabi ta zo gaishe ni. Silifas ɗin mijinta ne a ƙafarta, zobe ya nutse a yatsa, fuska ta yi suntum. Maƙwabciyata ta leƙo tana dariya, wai ciki ya karɓe ta, namiji ne. Muka zauna muna hirar tsadar tumatir a kasuwar Sabon Gari, ina satar kallon ƙafarta, ina jiran wanda zai yi tambayar. Babu kowa. Da ta miƙe ta ɗauki mayafi, na bi ta zaure.

"Rabi."

Ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta.

"Kanki na ciwo?"

Ta sunkuyar da kai. "Ya kwana biyu, Anti. Har dishi-dishi nake gani."

Daga nan asibiti muka wuce. Jininta ya hau sosai, aka ba ta gado, kuma har yanzu tana can. Saura wata uku, likita bai yi mana alkawarin komai ba, tsoro kuwa ina jin sa har cikin ƙashina.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba. Abin da ta bari shi ne a buɗe baki a tambayi mai ciki, ko da dangi za su ce an yi rashin ta-ido. Tuni wasu sun fara cewa na zama 'yar boko. Su yi ta faɗa.

Jiya Rabi ta kama hannuna ta ɗora a cikinta, ta kau da kai gefe. Can sai ɗan cikin ya harbe ni.