Furen da Na Kai Ikeja a Kan Cinyata

Ƙarfe shida da rabi na yammacin wata Asabar, a daminar shekarar 2000, Baba ya shigo gidanmu na haya a Agege da wani reshe a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida. Inna tana kwashe tuwo, ni ina wanke-wanke, maƙwabciyarmu Iya Basira tana jera burodi a tire. Baba maigadi ne a gidan wata tsohuwar nas a Ikeja da ake kira Madam, shi ne kuma mai kula da lambunta. Reshen na haidiranjiya ne, wata shukar fure da mijinta ya dasa kafin ya rasu. An rage mata rassa, Baba ya tsinto ɗaya. Ya miƙa mini ya ce, "Hajara, ke ce ba kya mantuwa. Riƙe."

Shekarata goma sha ɗaya. Na huda gindin bokitin fenti, na cika shi da ƙasa, na dasa. Dokokin Baba uku ne. Na farko, ban ruwa da asuba kafin makaranta, kuma ruwan sama da aka tara ya fi na rijiya. Na biyu, ranar safe kawai za ta sha, da hantsi a janye ta bayan tanki. Na uku, ba a taɓa tsohon reshe, domin a kansa fure yake fitowa. Ina cikin wasan 'yar gala-gala sai in bari in je in ja bokiti. Iya Basira takan ce, "Wannan ganyen naki ana miya da shi ne?" Inna kuma ta sa ina barbaɗa wa shukar toka, yadda suke yi wa barkono a ƙauye. A shekara ta biyu ta yi fure, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, ƙanana kamar duwatsun wuya a ciki, manya sun kewaye baki.

A watan ne zazzaɓi ya kwantar da Baba mako uku, Madam tana Ibadan. Ɗan garinmu da ya riƙe masa aiki manomi ne. Ya ga rassan Madam sun yi yaushi da rana, ya sassabe su har ƙasa kamar na gona, shukar ta bushe. Madam kuwa ta sha faɗa wa Baba cewa ranar da shukar ta mutu, ranar zai bar gidan.

Da Baba ya warke, Madam ta dawo, ni na ce a kai mata tawa. Muka hau danfo, motar hayar nan, bokitin a kan cinyata, ina kare shi da gwiwar hannu. Baba yana ta duban bokitin, domin furen Madam shuɗi ne, nawa ruwan hoda. Da muka isa, Madam ta daɗe tana murza ganyen, sannan ta tona ƙasar da yatsa ta tambaye ni me nake zubawa. Na ce toka. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce toka ce ke juya launin, amma shukar mijinta ce. Ta dubi Baba ta ce, "Malam, je ka buɗe get."

Na koma gida hannu wofi, na yi kuka a danfo, amma Baba ya ƙara shekara tara a gidan. Yau an malale tsakar gidanmu da siminti, yaran gidan ba su da ko tukunyar ƙasa. Ban sake yin aikin da ya kai wannan ba. Mai karatu, ka ba ɗanka shuka ɗaya ta zama tasa, kuma kada ka yi masa ban ruwan.