Ranar da Teku Ta Komo wa Munkaila

Wai Munkaila ya kama wani kifi mai girman motar bas, kifin ya ja shi har Ingila, 'yan sandan can suka maido shi don ba shi da biza. Haka ake faɗa a gidan leburori na Montreuil, kuma na san labarin da kyau, tun da ni na ƙirƙiro shi. Gaskiyar ita ce, bai je ko'ina ba. Bisa dutse aka iske shi, takalmansa rataye a wuya.

Munkaila taubashina ne, ɗan gwaggona. Ubansa masunci ne a tabkin Madarunfa. Shi ko ya zo Faransa ya shiga izin ɗin saƙa, wato masaƙa, a Lyon, ya yi ta shaƙar ƙurar auduga har aka rufe wurin a 1983. Ya bar matarsa Zuwera da yara can, ya hau Paris yana ɗaukar dilolin atamfa a shagon Alhaji Iliya na Barbès. Tun safe sai "Munkaila ɗauko, Munkaila sauke." In ya komo ɗaki, bayansa ya lanƙwashe kamar lauje, ko amsa sallama sai ya huta tukuna.

Lahadi ɗaya ta iyali ce. Ɗayar kuwa sai ya ɗauki fatsarsa ya shiga jirgin ƙasa zuwa Dieppe, bakin teku. Can akwai doguwar katanga da aka gina cikin ruwa, inda tsofaffin Nasara ke jera sanduna. Kifayen ba su da suna a bakinsa sai wanda ya raɗa musu: mai zane a baya shi ne Ɗan Sanda, mai faɗi kamar faifai kuwa Wanda Mota Ta Taka. Yawanci dai ƙaguwa ce ke cinye masa koto.

Ran nan katangar ta cika da mutane, sai ya hangi ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito fili. A garinmu, in ruwa ya janye, rani ya shigo ke nan, sai kuma wata damina. Mutumin naku ya naɗe wando ya taka can nesa, ya sami dutse mai faɗi ya zauna. Nasaran na ta ɗaga masa hannu suna kira, ya ce hassada ce. Ya yi sallar la'asar, ya jefa fatsa, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Da ya farka, teku ta komo, damina ta riga ta sauka ta kowane gefe.

'Yan kwana-kwana ne suka ɗauko shi da kwalekwale, suka naɗe shi da bargo kamar jinjiri. Ko a lokacin bai saki sandar ba.

Labari ya riga shi isa Lyon. Zuwera ta kira ni a tarho, muryarta duk ta dushe. "Abdu, don Allah ka karɓe sandar nan. Na gaji. Rabinsa na Alhaji, rabi na kifi, yanzu kuma ruwa na son ya cinye duka."

Na iske shi bakin gado yana ɗaura ƙugiya, yatsunsa duk sun tsage da igiyar dila.

"Sarkin Ruwan Turai, ranka shi daɗe! An ce in karɓi sandar sarauta."

Bai ɗago ba. "Na yi magana da ita. Na yi mata alkawari ba ni ƙara sauka daga katangar. Amma zuwa kam, ina zuwa."

"Don me? Kifin da ka kama bana duka bai cika miyar gwauro ba."

"Can ne kaɗai ba mai kiran sunana."

Na so in bar shi haka nan. Amma baki ya saba. "To ka tafi da ni, in riƙa gaya maka in damina ta taho."

Ya ciji zaren, ya tofar, sannan ya dube ni.

"Kai? Teku da ta kusa kashe ni, ko ita tana ja da baya ta bar mutum ya huta. Bakinka tun muna yara yake cikowa, ban taɓa ganin ranar da ya janye ba. Tashi mini bisa gado."