Mai Fenti da Katangar 'Yar Hamayya

Shekara ashirin Mai Fenti yana liƙa wa jam'iyyarsu fosta a unguwa, aikin sa kai. Ba ya taɓa katangar kowa sai ya yi sallama ya nemi izini. Kashegarin zaɓe kuwa, ko sun ci ko sun sha ƙasa, zai fito da tsani ya kankare takardun, ya shafe gurbinsu da fenti.

Bara wata tsohuwa 'yar hamayya ta tare shi.

"Ɗan nan, me ya sa kake tsallake gidana?"

"Inna, ai ba tamu kike yi ba."

"Ƙuri'ata kam ba za ku gani ba. Amma liƙa, katangar ta daɗe ba fenti."

Ya yi dariya, ya liƙa uku. Bayan zaɓe har ƙyaure ya shafe mata.