Ranar da Babana Ya Taya Kuɗin Jami'a

Ranar da babana ya je jami'a ya taya kuɗin makarantata kamar yadda ake taya saniya a kara, wato kasuwar shanu, wannan rana ko na tsufa na ruɗe ba na jin za ta fita daga raina. Shekaru sun ja, na gama karatun, na yi aure, ina aiki, amma har yau idan na tuna sai na fara da dariya, can kuma in ji idona ya kawo ruwa.

Babana dillalin shanu ne a karar Illela. Ba shi da saniya ko ɗaya tasa. Aikinsa ya tsaya tsakanin mai sayarwa da mai saye har su daidaita, a ba shi la'adarsa. Bai yi boko ba ko na yini ɗaya, amma in ya zagaya saniya sau biyu zai gaya maka shekarunta da ciwon da ake ɓoyewa a jikinta. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Shekarar da na samu gurbin karatu a jami'a a Sakkwato, an rufe boda. Shanun da ke shigowa daga Nijar ta Kwanni sun tsaya, kara ta yi sanyi, wata ranar kasuwar sai ya dawo gida da abin da bai wuce cefanen kwana biyu ba. Duk da haka da aka ce a biya kuɗin karɓar gurbi, bai yi wata-wata ba ya biya. Bayan nan ya aike ni gidan maƙwabtanmu in tambayi ɗansu da ke jami'a nawa ne kuɗin makaranta. Abin da ya faɗa mini shi muka riƙe. Innata ta sayar da tumakinta biyu, Baba ya haɗa da abin da ya ɗan tara, muka zauna hankali kwance muna cewa an gama.

Ashe kuskure biyu muka yi. Na farko, kuɗin da aka faɗa mini na bara ne, kuma na karatu kawai, ban da sauran abubuwan da ake ɗorawa. Na biyu, Baba ya ɗauka kuɗin karɓar gurbin nan kafin alƙalami ne, wato in an zo biya za a cire shi daga cikin jimla, kamar yadda ake yi a kowane ciniki da ya sani. Ni ma wallahi haka na ɗauka.

Sai ranar Laraba, da na je shagon kwamfuta kusa da tasha aka buga mini takardar biya, na ga abin da ke ciki. Layi-layi ne har ƙasa: kuɗin karatu, na rajista, na asibiti, na laburare, na wasanni, na katin shaida, na ɗakin kwana, da wasu da ban ma gane su ba. Abin da ke hannunmu bai fi kashi biyu cikin uku ba. Kuma a ƙasan takardar an rubuta cewa ranar Juma'a za a rufe rajista. Wanda bai biya ba, gurbinsa ya tafi.

Na dawo gida na same shi a zaure yana gyara igiya. Na karanta masa takardar tun daga sama, sannan na ce, "Baba, mu haƙura kawai. In Allah ya kai mu baɗi sai in sake jarrabawa." Na faɗi haka ne don in sauƙaƙa masa, amma a raina na san in na zauna shekarar nan da wuya in sake tashi.

Ya ajiye igiyar ya ce, "Wa yat tsara kuɗin ga?"

Na ce hukumar jami'a ce.

"To gobe mu tai mu ga mai kayan."

"Haba Baba! Jami'a fa ba a ciniki. Abin da aka rubuta shi ke nan."

"Uwata," ya ce, "shekara talatin ina kara, ban taɓa barin ciniki ba tun ban ga mai kaya da idona ba."

Washegari da hantsi muna cikin motar Sakkwato. Ya sa rigarsa ta zuwa kasuwa, ya ɗora malafa, ga sandarsa da ba ya rabuwa da ita. Tun daga Gwadabawa nake addu'ar Allah ya sa mu tarar an rufe ofishin. Ku ji fa, karatuna ne zai salwanta, amma abin da ya fi damuna shi ne kada a gan ni da shi. Yarinta ke nan, kuma ba na kare kaina.

Ofishin kuɗi a buɗe yake, ga layin ɗalibai har bakin baranda, kowa fes-fes da waya a hannu. Muka bi layi. Da muka iso taga, wani matashin ma'aikaci ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Baba ya yi masa sallama, ya gaishe shi da aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, har sai da mutumin ya ɗago ya dube shi. Sannan ya shimfiɗa takardar, ya ɗora yatsa a layin farko, ya ce in karanta.

Na karanta ƙasa-ƙasa. Kuɗin karatu, ya ce wannan hakki ne. Na asibiti, ya gyaɗa kai, ya ce ciwo ba ya sallama. Da na zo kan kuɗin wasanni sai ya ɗaga hannu.

"Na mi?"

"Na wasanni, Baba."

"A'a. Malam, a cire wanga. Ɗiyata ba wasa taz zo yi ba."

Waɗanda ke bayanmu suka kwashe da dariya. Ma'aikacin ya danne tasa, ya ce, "Baba, ba a cirewa. Kwamfuta ce ke fitar da shi a haɗe."

"To madalla. Kira min mai kwamfutar."

Dariyar ta ƙaru. Baba ko a jikinsa. Ya zaro ƙullin kuɗin daga aljihun ciki, ya ajiye a kan taga, ya dafe da tafin hannu, ya faɗi abin da ke ciki da ƙarfi kowa na ji, ya ce, "Ga abin da na taya. In albarka ce ka ce albarka, mu ji inda za mu haɗu."

Ni kam na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja da baya a hankali har na koma jikin wani ginshiƙi na tsaya ina duba waya, wayar da ko kati babu a ciki. Wata yarinya da ke kusa ta taɓo ni tana share hawayen dariya, ta ce, "Don Allah babanki ne?" Na ce, "Daga garinmu dai yake." Wannan maganar har gobe tana ci mini rai.

Hayaniyar ce ta fito da wata Hajiya daga ofishin ciki, babbar mace mai gilashi, wadda daga baya na gane ita ce shugabar sashen. Ta tambayi abin da ke faruwa, ma'aikacin ya gaya mata. Ta dubi Baba, ta dubi kuɗin da ya dafe, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, shigo ciki mu yi magana. Ina ɗalibar?"

Ya waiwayo ya hango ni, ya ɗaga sanda. "Uwata, taho! Ga mai kayan ta hito." Haka na ratsa ta gaban yarinyar nan kaina a ƙasa.

A ciki Hajiya ta ba mu kujeru, ta sa aka kawo ruwa, ta karɓi takardar ta ɗauki biro. Ta fara da gaya masa gaskiya: duk abin da ke cikin kuɗin rajista dole ne, ba ta da ikon rage ko sisi, har da na wasannin. Baba ya tambayi kafin alƙalamin da ya bayar. Ta ce wancan daban ne, kuɗi ne na tabbatar da cewa an karɓi gurbin, ba a cire shi daga komai.

Ya auna maganar ya ce, "Wato la'ada ce."

Nan kam ta yi dariya. "Kusan haka, Baba."

"To shi ke nan. La'ada ba a jayayya da ita."

Daga nan ta ja layi a ƙarƙashin kuɗin ɗakin kwana, ta ce wannan ba ya cikin rajista, wanda ke da inda zai zauna a gari ba sai ya biya ba. Baba ya ce yana da ƙanwa a cikin gari. Ta ce kuma wanda ba zai iya biya gaba ɗaya ba, yana iya rubuta takardar roƙo a raba masa biyu, ya biya kaso na farko yanzu, ragowar kafin jarrabawa. Ta ce akwai tallafin karatu na jiha ga 'yan asalin jihar, sai dai a kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma ta gargaɗe mu kada mu dogara da shi don yakan yi jinkiri. Akwai kuma wani ɗan asusu da wasu masu hali ke zuba wa kuɗi don ɗalibai marasa ƙarfi. Ta jawo aljihun tebur ta nuna mana takardun neman taimakon asusun a jibge. Ta ce, "Ga su nan, ba mai zuwa ɗauka. Yaro sai ya ga jimla a takarda ya juya gida, ba wanda zai ji labarinsa."

Na ji maganar ta sauka a kaina, domin jiya-jiyan nan abin da na ce a yi ke nan.

Baba bai gama ba. Ya tambayi watan da za a yi jarrabawar, ya ƙirga a yatsunsa da watannin Musulunci, ya ga ta faɗo bayan Babbar Salla, lokacin da ko kasuwa ta mutu sai an sayi dabba. Ya ce ya ɗauka. Sannan ya matso da kujera ya ce, "Hajiya, kowace dabba tana da abin da ba a gani sai an kai ta gida. Mi ne ne ba a rubuta ba cikin takardag ga?"

Ta ajiye biron. Ta ce a duk shekarunta a ofishin nan ba iyayen da suka taɓa yi mata wannan tambayar. Ta lissafa masa: abinci, kuɗin mota kullum tunda a gari zan zauna, buga takardun darasi, littattafai, da farar rigar ɗakin gwaji. Ta ce waɗannan su ke kayar da ɗalibai a tsakiyar shekara, ba kuɗin rajista ba. Baba ya sa na rubuta su duka a bayan takardar.

A teburinta na rubuta takardar roƙon, tana gyara mini. Ta sa hannu, aka fitar da sabuwar takardar biya, muka je banki, kafin la'asar sunana ya shiga. Da muka koma yi mata godiya, Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To Hajiya, kin sallama?" Ta ce, "Na sallama, Baba. Allah ya sa albarka."

Ba zan ce daga nan komai ya zama sauƙi ba. Shekara guda na yi a ɗakin gwaggona ina kwana da 'ya'yanta huɗu. Asusun nan sau ɗaya ya taimake ni, tallafin jiha kuwa sai a shekara ta biyu ya fito. Amma ragowar kuɗin Baba ya biya shi kwana uku bayan Salla, kamar yadda ya ce.

A ranar dai, da yamma na raka shi tashar motar Illela. Hankalina ya kwanta, har bakina ya buɗe da tsokana. Na ce, "Baba, duk cinikin nan da ka yi, ko sisi fa ba su rage maka ba."

Yana gyara zaman malafarsa ya ce, "Na sani. Tun gida na san ba su ragewa."

Na tsaya ina kallonsa. "To me ya sa ka yi ta tayawa a gaban mutane, suna ta dariya?"

"In na miƙa takarda na yi shiru, yaron ga na bakin taga cewa zai yi kuɗi ba su cika ba, mu juya. Ni kau so nike babba ya hito." Ya sa ƙafa a mota, ya waiwayo. "Dariya ta yini guda ce, Uwata. Ke kuma shekara huɗu za ki yi."

Motar ta tashi, na tsaya a wurin na kasa ko ɗaga masa hannu.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, jimlar da ke ƙasan takarda ba ita ce ƙarshen magana ba. Akwai abin da yake dole, akwai wanda za a iya jinkirtawa, akwai taimakon da ke ajiye yana jiran mai tambaya, kuma ba wanda zai biyo ka gida ya gaya maka. Ni da na iya karatu na karanta takardar na ce mu haƙura. Shi da bai iya ba ya je ya tambaya, ya bari aka yi masa dariya da gangan don in samu wurin zama a aji.