Doki Ba Ya Gudu

Bappana, ƙanin mahaifina, yana da doki ɗaya a Bako, kuma ni ke yi masa ciyawa tun ina firamare. A gidan nan ba a cewa doki yana gudu. In na kuskura na faɗa, sai Bappa ya murɗe min kunne.

"Ɓarawo ke gudu. Doki sassarfa yake yi, in ya saki jiki kuma sukuwa."

Na haddace tsaf, amma dokin bai taɓa ba ni abin da ya wuce sassarfa ba.

Shekarar da masu gudun hijira suka cika Malkohi, Bappa ya ɗauko ɗan wani amininsa, sa'ana, daga sansanin. Ranar da yaron ya fara hawa, dokin ya miƙe wuya ya zuba sukuwa har bakin gonaki. Ya dawo yana haki, ya ce, "Bappa, dokin nan akwai gudu!"

Na zuba ido ina jiran a kama kunnensa. Bappa ya yi dariya, ya ce, "Sosai, ɗana."

Har yau in na tuna, kunnena zafi yake yi.