Gadar Shanun Sanda

Shekara tara ke nan da muka kai Dakta Ummaru makwancinsa. 'Yan jami'a ke ce masa Dakta, mu a gida Sanda muka sani. Mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, wato taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace. Don haka bawana ne, ko da yake har ya koma ga Allah bai taɓa yarda ba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan yi masa addu'a in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Raina a ɓace yake, kuma wanda ya kamata in je in sauke wa faɗan ba ya nan, don haka ku yi haƙuri, ku zan sauke wa.

Ni injiniyan ban ruwa ne, na yi ritaya. Shi kuwa ilimin zamantakewa ya karanta, shi ya koyar a jami'a har ƙarshen ransa. Na daɗe ina yi masa tsiya a kan wannan karatu. Nakan ce, yanzu fisabilillahi a tura mutum makaranta shekara da shekaru, ya dawo da digirin zaman zaure da jin gulmar ƙauye? Shi kuma ya ce gara shi sau dubu, ni ai digirin haƙa lambatu na yi. Haka muka taso tun muna yara a Tudun Wada, ba mu shiri kuma ba mu rabuwa.

Aiki ne ya haɗa mu da gaske. An ba wani ƙaramin kamfani kwangilar tsara noman rani a fadamar wani ƙauye da ke bakin gulbi, ba nisa sosai da Sakkwato. Kamfanin ya ɗauke ni in zana hanyoyin ruwa, ya ɗauki Sanda ya ba da shawara a kan mutanen wurin. Kowa ya san yadda ake ɗaukar irinsu a irin wannan aiki: injiniyoyi su gama komai, sannan a kira mai ilimin jama'a ya cika babin ƙarshe, ya rubuta cewa mutanen gari sun yi murna. Sanda ya ce shi ba haka yake aiki ba. Ba zai sa hannu a rahoto ba sai ya ga fadamar da damina, ya gan ta da kaka, ya sake ganinta da rani. Kuma kada in kuskura in ja layi ko ɗaya a takarda kafin nan.

Dalilinsa shi ne fadama ba ta mutum ɗaya ba ce, masu ita canzawa suke yi. Da damina ruwa ya malale, ta manoman shinkafa ce da masunta. Da an yanke shinkafa sai Fulani su gangaro daga tudu da shanunsu, su ci abin da ya rage a gonaki, su bar wa manomi taki, su bi burtali su sha ruwa a gulbi. Da rani kuma masu albasa su karɓe ta, ga mata masu ɗibar yumɓu a gefe. Duk wanda ya zo sau ɗaya, kashi ɗaya na masu wurin zai tarar, ya koma birni yana rantsuwa cewa ya ga kowa.

Na yi mita, kamfani ya yi mita, Sanda ko a jikinsa. Ya kwashe mu duka, ni da wata likitar dabbobi da wani masanin ƙasar noma, ya haɗa da ɗalibansa, ya zube mu a makarantar firamaren ƙauyen muna kwana a tabarma. Sauro kuwa sai wanda ya gani. Da kaka ta yi ya ja ni har ruga, wai in ji da kunnena. A nan na fara ganin Ardo Manu, shugaban makiyayan da ke sauka a wurin, dogon mutum marar yawan magana. Shi ya bi da mu burtalin tun daga tudu har mashaya. Hanyar ba ta cikin kowace taswira, da damina ma ruwa da ciyawa ke rufe ta. Babbar hanyar ruwan da za mu gina kuwa dole ta ratsa tsakanin tudu da gulbi, wato ta yanke burtalin biyu.

Muka zauna, likitar ta faɗi yadda garke ke tafiya da abin da ke firgita shi, ni na zana gada mai faɗi, marar tsawo, da katanga hagu da dama don kada saniya ta faɗa ruwa ko ta karkata cikin gona, da daɓe mai kaushi don kofato. Rigima ta tashi a ofis. Wani babba ya dube mu ya ce, "Gada kuma? Don shanu?"

Sanda ya ce, "Ranka shi daɗe, ko a gina musu, ko su yi wa kansu ta cikin albasar mutane."

An gina. Mutanen gari suka sa mata suna gadar Sanda, abin da ya ƙona mini rai ƙwarai, domin ni na zana ta, shi ko bulo ɗaya bai san yadda ake ɗorawa ba. Na gaya masa ai dama bawa ke cin sunan ubangidansa. Amma shekara da shekaru shanu na hawa suna sauka, albasa na fita, ban taɓa jin an ɗaga wa wani sanda a wurin ba.

Abin da ya gani a fadama shi ya kai aji. Ya buɗe wani kwas na 'yan shekarar ƙarshe, ya haɗa ɗaliban zamantakewa da na aikin gona da na likitan dabbobi, yana kai su ƙauye ɗaya a lokuta daban-daban na shekara. Sassan jami'a ba su so ba. Wannan ya ce an ɓata masa jadawali, wancan ya ce motar sashensa ce ake kashewa, wani ya ce to sunan wa za a rubuta a kan kwas ɗin. Sanda ya bi su ofis-ofis da taurin kansa har suka gaji suka ƙyale shi. Yau an ce mini kwas ɗin yana nan a takarda. Tafiyar ce aka rage ta koma sau ɗaya, daga baya aka ce babu mai, babu tsaro. Yanzu kowane sashe na koyar da nasa a ɗakinsa, yara na cika tambayoyi a waya suna zaune a ƙarƙashin bishiya a harabar makaranta. Ban musa matsalar tsaro ba, ina da ido. Amma ƙauyen nan mutum na iya zuwa da hantsi ya dawo ya yi la'asar a gidansa.

To ga abin da ya hana ni shiru. An tashi faɗaɗa aikin noman ranin, za a gina sabuwar hanyar ruwa ta kankare, mai zurfi, tsakanin tsohuwar gadarmu da gulbi. Wani kamfani daban aka ba. Da na ji cewa Dakta Nasiru ne zai duba ɓangaren jama'a, wallahi na yi hamdala. Nasiru ɗalibin Sanda ne, yana cikin yaran da muka kwana da su a firamaren nan, yanzu shi ma malami ne a jami'a. Na ce shi ke nan, shanu sun tsira.

Aka gayyace ni taron jin rahoto a wani otal, a matsayin tsohon hannu. Ɗaki mai sanyi, ruwan roba, majigi. Aka haska taswira, na bi sabon layin da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan, babu gada ko ɗaya. Na ɗaga hannu na ce, "Shanu fa, ta ina za su bi?" Wani saurayi daga kamfanin ya amsa mini cikin ladabi cewa tawagarsu ta je ta zagaya, ta yi hira da jama'a, ba ta tarar da makiyaya a yankin ba. Na ce yaushe kuka je? Ya ce tsakiyar damina. Innalillahi! Tsakiyar damina wane Bafulatani ne zai tsaya da garke a cikin ruwa da shinkafar mutane yana jiran ku zo ku ƙirga shi? Shugaban taro ya ce, "An gode, Baba, za a duba." Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san inda wannan magana ke ƙarewa.

Na tare Nasiru a wurin ajiye motoci. Tun kafin in buɗe baki ya rage tsawo ya ce, "Wallahi, Baba, na sani. Na faɗa musu. Wa'adin da aka ba mu bai kai kaka ba. Na rubuta a jira, aka cire. In na ƙi sa hannu, gobe su kawo wanda ko sunan garin bai sani ba."

Na ce, "To kai da ka san sunan garin, me ka ƙara?"

Ya sunkuyar da kai. Ban ce Nasiru mugu ba ne. Na san halin da malaman jami'a ke ciki, ga iyali, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata, aikin shawara shi ke rufa wa da yawansu asiri. Amma Sanda ma yana da iyali, kuma na san ayyukan da suka kuɓuce masa saboda wannan sharaɗi nasa, har matarsa ta sha kawo mini ƙara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Ina jin da ya tashi tsaye a otal ɗin nan ya hana kowa shan ruwan robarsa lafiya. Kuma ina jin da a ƙarshe an ce masa an gode, za a duba, domin yanzu wa'adi daga nesa ake aiko shi, daga hannun mutanen da ba su san lokacin da ake yankan shinkafa ba. Shi ma kansa ina jin haushinsa, gara in faɗa. Ya dogara ga taurin kansa, ya ɗauka idan ya nuna wa yara da idonsu ya gama. Bai taɓa tsayawa ya sa an mai da zuwa uku ɗin nan doka a jami'a ko a ma'aikata ba. Na sha gaya masa, sai ya ce doka ta masu haƙa lambatu ce. To ga shi nan, bawana, ka tafi da dokar a cikin kanka.

Na yi yawon ofisoshi da tsufana, daga wannan tebur a tura ni wancan. Kafin in gama zagayen, motocin siminti sun fara gangarawa fadama. An zuba kankare.

Ana gab da yankan shinkafa sai ga Ardo Manu a ƙofar gidana a unguwar Gidan Dare. Rabona da shi tun ta'aziyyar Sanda. Ya tsufa, ya rame, yana dogara sanda. Bayan mun gaisa ya sha ruwa, ya ce, "Injiniya, na tahi na gani da idona. Gadarku tana nan lahiya lau, amma in saniya ta sauka, gabanta rami na. Samarinmu sun ce sai sun wuce ko ta ƙaƙa. Ni kau na san abin da ka biyo baya. Saniya ta hwaɗa ciki, ko ta shiga albasa, a ɗaga sanda, daga sanda sai wuƙa."

Na ce ya ba ni lokaci, ina kan bin maganar.

Ya girgiza kai. "Shanu ba su jiran ofis. Nan kakana ya shayar, nan ubana, nan ni. Amma ba ni bari a zub da jini bisa kaina da tsuhwana. Bana ba mu sauka."

Na tambaye shi ina za su nufa, ya ce Allah na da faɗin ƙasa. Da ganin fuskarsa shi ma bai sani ba. Ya ce sallama ya zo yi, kuma yana so in kai shi maƙabarta ya yi wa Sanda addu'a. Na kai shi. Muka tsaya mu biyu, tsofaffi, a rana.

A can na yi ta auna abin da ya rage na mutumin nan. Akwai gada mai kyau da ba ta kai kowa ko'ina. Akwai kwas da sunansa kawai ya saura. Sai ɗalibai, waɗanda suka san daidai, suka kuma san sun sani, shi ya sa ba su iya haɗa ido da mutum. Ban san ko wannan na ƙarshe gado ne ko azaba ya bar musu ba, amma shi kaɗai ne na ga yana da sauran rai.

Da na raka Ardo tasha, ya riga ya sa ƙafa a mota sai ya juyo. "Af, wani yaro cikin ɗaliban nan nai, Nasiru, wanda karsana ta kora har ya yar da takalmi. Yana nan?" Na ce yana nan, ya zama babban malami. Ardo ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. "Madalla! Yaron kirki, ya iya zama da mutane. Ka ce mishi Ardo na gaishe shi."

Ban gaya masa Nasirun ne ya sa hannu a rahoton ba. Da na koma gida na kira Nasiru a waya, na isar da gaisuwar kamar yadda aka ba ni, ban rage ba ban ƙara ba, har da karsanar da takalmin. Na kuma gaya masa bana su Ardo ba za su sauka ba. Sai ya ce, "Baba, ina suka nufa?"

Na ce, "Ban sani ba. Ai kai ne mai bincike."