Munji da Ƙwallon Tururuwa

A unguwarmu a garin Munastir an daɗe ana cewa Munji, ɗan goggona Salha, gwamnati ce ta ɗauke shi yana ɗinka wa tururuwa ƙwallon ƙafa. Ƙarya ce. Ƙwallon dai akwai shi, amma ko tururuwa sai ta ari tabarau kafin ta hango shi. Wani gari ne baƙi dangin gawayi, kowace ƙwayarsa da siffar ƙwallo. Munji yakan gasa shi cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, tururin ya kwanta a kan 'yan gilasai, shafal-shafal, ruwan zuma. Sai ya riƙa haska musu fitila kaɗan-kaɗan, yana auna yadda ƙwallayen ke manne wa juna, launi na juyawa. Haka dai ya ce mini. Ni tun a tsakiyar sakandare boko ya sallame ni.

Tun yana da suma yake wannan aiki a jami'a, har sanƙo ya gangara ƙeya. Digirin dakta yake nema, wa'adinsa kuma ya zo gargara. Tukunyar ta lalace, kayan gyaranta sun ƙi zuwa. Abin da ya rage masa kawai gilasan ƙarshe da bai auna ba. Da aka rufe ɗakin gwaji a Agusta don gyaran rufi, sai ya nannaɗe su kada haske ya taɓa, ya zuba a gwangwanin biskit, ya tura ƙarƙashin gadonsa.

Agusta kuwa a ƙasarmu ba damina ba ce, tsakiyar zafi ne, watan shanya. Goggo Salha ba ta yarda da abin da bai sha rana ba: kuskus, barkono, katifa, kai ko baƙo ne ya tsaya kusa sai ta baza shi a saman soro. Ta jawo gwangwanin, ta ce yana warin danshi. Ta kwance gilasan ɗaya-ɗaya, ta jera su gefen tumatir tun hantsi har la'asar.

Da Munji ya dawo ya hau sama, ya daɗe a tsugune. Rana da iska sun riga sun cinye abin da zai auna. Goggo ta leƙo tana tambaya ko sun bushe. Ya ce sun bushe, Allah ya saka da alheri. Har ta rasu bara bai faɗa mata ba, ita kuwa kullum tana gaya wa maƙwabta ɗanta ya kusa zama dakta.

Yanzu gilashi yake yankawa a shagon tabarau na mijin ƙanwarsa. Ran nan na leƙa na ce, "Dakta, yaushe tururuwa za su buga wasan ƙarshe?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kai dai gode wa Allah," in ji shi. "Tun da aka haife ka rana ke dukan kanka, ba ta sami komai a ciki da za ta lalata ba."